Tsoron Bolt 12 a Dajin Balin

Jirgin ƙasa na cikin gari mai lamba S3 ya sauke mu a tashar Wuhlheide, kudu maso gabashin Balin, kuma abin da ya tarbe mu daji ne. An ce mini baje kolin na'urorin kiɗan zamani za a kai ni, don haka na shirya idona ga dogon bene mai gilashi da 'yan gadi masu kwat. Sai ga itatuwa, ga hanyar ƙafa, ga wani siririn layin dogo da yara 'yan makaranta ke yi wa hidima, su ne masu duba tikiti, su ne masu ba jirgi hannu. A tsakiyar dajin akwai wani makeken gini da ake kira FEZ, wanda gwamnatin Jamus ta Gabas ta buɗe a 1979 don tarbiyyar yaran ƙungiyar matasanta. Nan ake yin Superbooth a watan Mayu. Andreas Schneider, mai shagon SchneidersLaden, shi ya kafa bikin. An fara yin sa da cin gashin kansa a 2016 a tsohon gidan rediyon Jamus ta Gabas, aka kawo shi wannan daji a 2017.

Mai masaukina mutumin Damagaram ne, ya daɗe a Jamus yana aikin daidaita sauti a gidajen rawa da wuraren taro. Tun daga tasha ya fara tsokanata, kamar yadda Badamagare ba ya ganin Bakano ya ƙyale shi.

"Bakano, ka sa hannunka a aljihu," in ji shi. "Nan ba kasuwar Sabon Gari ba ce, ba a taɓa kaya don a ji nauyinsa."

Ashe ma ƙarya yake yi mini, wurin taɓa kaya ne. Kowace rumfa an ajiye abin sawa a kunne, kowa na murɗa maɓallai, ginin gaba ɗaya yana gurnani da tsuwwa da wani kuka mai kama da na ƙofar da ta shekara ba ta ga mai ba. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne rashin haƙoran fiyano. A wurina, in an ce kiɗan lantarki, Yamaha PSR ke zuwa raina, wadda ta riƙe waƙoƙin finafinan Hausa shekara da shekaru a situdiyoyin Kano: ka jona ta, ka danna, ta ba ka ganga da algaita da sarewa duk a cikinta. Nan kuwa mutum zai tsaya gaban akwati cike da ƙananan farantan ƙarfe, kowanne da ramuka da maɓallan murɗawa, yana zare waya daga wannan rami yana soka ta a wancan, fuskarsa a murtuke kamar mai aikin tiyata.

Kowane faranti sunansa modul, kuma aiki ɗaya tak ya iya. Wani yana haifar da sauti, wani yana tace shi, wani yana buɗe shi ya rufe, wani ƙidayar lokaci kawai yake yi. Babu ɗayansu da ke kiɗa shi kaɗai. Mai akwatin ne zai zaɓi waɗanda yake so daga kamfanoni daban-daban, ya jera su, ya haɗa su da wayoyi yadda ransa ya ba shi. Dabarar tsohuwa ce, tun shekarun 1960 Robert Moog a gabashin Amurka da Don Buchla a Kalifoniya suka ƙera irinta, manya-manya kamar kabad, masu tsadar da sai jami'o'i da hamshaƙan makaɗa. Fiyano mai lambobi ta zo ta ture su a shekarun 1980. Sai a 1995 wani Bajamushe mai suna Dieter Doepfer, daga garin Gräfelfing kusa da Munik, wanda ya taɓa aiki da 'yan ƙungiyar Kraftwerk a kan wata na'urar jera sauti, ya fito da tsarinsa mai suna A-100, ƙarami, mai araha. Ya ari awon akwatunan na'urorin ɗakin bincike: tsayin faranti milimita 128.5, faɗinsa kuma ana ƙirga shi da wani ma'auni da suke kira HP, kowane ɗaya milimita 5.08. Layi guda a akwatin inci 19 yana ɗaukar HP 84. Wannan tsari ne yau ake kira Eurorack, kuma shi ya cika dajin nan.

Duk wannan gaban akwati ne, inda fitilu ke walƙiya. Ni kuwa ɗabi'ata ce in leƙa bayan abu, wataƙila saboda na tashi ina zama a bencin mai gyaran rediyon unguwarmu. A wata rumfa na tarar da wani saurayi ya kwance modul daga akwati zai sa wani. Na leƙa ciki. Abin da na gani ya kusa sa ni dariya: waya mai faɗi, toka-toka, siraran wayoyi jere a manne da juna, gefe ɗaya da jan layi. Na san ta sarai. Irinta ce ke cikin tsofaffin kwamfutocin tebur, tana haɗa faifan ajiya da uwar allo, irin wadda masu gyaran kwamfuta a Kano ke zubarwa a kwali ƙarƙashin tebur. Modul ɗin da ke hannun yaron nan ya kai ɗaruruwan yuro. Wayar da ke ba shi wuta ba ta wuce yuro biyu ko uku ba.

Sai na ga yadda yake jona ta. Ya kashe akwatin. Ya zare fulogi daga bango. Ya kunna tocilan wayarsa ya haska ciki. Ya dubi jan layin, ya dubi rubutun da ke kan allon, ya sake duban jan layin, leɓensa na motsi. Ya soka, ya danna da babban yatsa, ya kira abokinsa ya zo ya duba masa. Da zai kunna sai da ya kawo hancinsa kusa da akwatin, yana shinshina.

Na tambayi mai masaukina wutar nawa ce a ciki da ake mata wannan ladabi.

"Sha biyu," in ji shi.

Bolt 12. Ƙarfin batirin mota, wanda bakanike ke kama kawunansa biyu da hannu yana hira.

Sai da ya zaunar da ni a kan benci a waje, da kofin shayi, na fahimci dalilin. Sauti kaɗawa ce, tana hawa sama da sifili tana sauka ƙasa da shi, don haka na'urorin da ke sarrafa ta suna son wuta ta gefe biyu: fozitif 12 da nagetif 12, da wayar ƙasa a tsakaninsu. Bakin wayar da Doepfer ya zaɓa yana da ramuka 16, jere biyu-biyu. Daga gefen jan layi, biyun farko nagetif 12 ne, shida na biye na ƙasa ne, sai biyu na fozitif 12, biyu na bolt 5, sauran huɗun kuma na saƙon kiɗa ne, ba na wuta ba. Modul da yawa ba sa bukatar shidan ƙarshe, sai aka yi musu ƙaramin baki mai ramuka 10. To ga inda gizo ke saƙar. A bakin nan mai 10, nagetif yana wannan ƙarshe, fozitif yana wancan, ƙasa tana tsakiya. In ka juya shi, zai shiga lafiya lau, babu gardama, babu alamar komai, amma fozitif ya koma gurbin nagetif. Ka kunna, cikin ƙiftawar ido ƙananan sassan da ke kan allon su ƙone. Wani lokaci ka ji ƙaramar ƙara, wani lokaci hayaƙi siriri da ƙauri. Mai ramuka 16 in an juya shi ɓarnarsa ta fi haka, domin yana iya haɗa layukan wuta da juna ya ja wa maƙwabta. Kuma a tsofaffin allunan rabon wuta tsinkayen a tsirara suke, babu katanga kewaye da su, don haka ko ba ka juya ba kana iya gocewa da layi ɗaya a cikin duhun akwati. Abin da ke tsakanin mai kaya da asara shi ne jan layin nan, da ƙa'idar da kowa a dajin ya haddace: ja yana wajen nagetif 12, wanda a yawancin akwatuna ƙasa yake kallo.

Ina sauraronsa ina tuna gida. Mu da muke tura murfin biro a ramin sama na soket don bakin cajar waya mai ƙafa biyu ya samu shiga. Mu da in fulogi ya lalace sai mu yanke shi, mu murɗe bakin wayar, mu cusa ta tsirara, mu tokare da tsinken ashana. In fis ya ƙone mu ɗaura zaren tagulla a madadinsa, mu ce an gyara. Kuma wutar da muke wa wannan raini bolt 230 ce, mai kashe mutum. Ga ƙattin mutane a nan suna rawar jiki a gaban 12, wadda ko ƙyanƙyaso ba za ta razana ba. Da farko na ɗauka ni ne jarumi a wurin. Da na ƙara tunani sai lissafin ya ƙi fita yadda nake so. Su abin da suke tsoron rasawa kuɗi ne, kuma suna kiyaye shi da tocila da shaidu. Mu abin da muke sawa a caca rai ne, da rumfunan kasuwa da kan tashi da wuta cikin dare, kuma ko kallon wayar sau biyu ba ma yi. Ban faɗa wa Badamagaren wannan ba, don kada ya samu abin yi mini gori har mu koma gida.

Akwai wani zato da na zo da shi wanda shi ma ya sha ƙasa. Jamus ce fa, ƙasar hukumar DIN, wadda ta tsara har girman takardar A4 da muke bugawa a shagunan kwafi. Na ɗauka wani kwamiti ne ya zauna ya yanke yadda za a jona waɗannan kaya, ya buga hatimi. Babu kwamitin. Mutum ɗaya ne ya duba abin da ke da arha kuma ake samu a kowane shagon kayan lantarki, ya yi amfani da shi a kayansa, ya wallafa bayanin awonsa. Wasu suka zo suka kwaikwaya don kayansu su zauna a akwatinsa, wasu suka kwaikwayi masu kwaikwayon, har kamfanonin suka kai ɗaruruwa, daga masu ma'aikata da yawa zuwa mutum ɗaya a ɗakin girkinsa. Wayar nan mai faɗi ba don ɗaukar wuta aka ƙirƙiro ta ba, don saƙonnin kwamfuta ne. Amma ba ta bukatar dalma: ka sa ta a bakin, ka matse, haƙoran ƙarfe su huda robar su kama tagulla, an gama. Ga mai ƙera kaya da yawa da hannu kaɗan, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Arhar da aka samu a 1995 ita ce masu saye ke biya har yau da faɗuwar gaba.

An yi ƙoƙarin gyara, ba a zauna ba. Yawancin sababbin alluna suna da katangar roba kewaye da tsinkayen, da ɗan gurbi a gefe ɗaya, bakin wayar kuma da ɗan ƙulli, ta yadda ba zai shiga a juye ba. Na ce to ai magana ta ƙare. Mai masaukina ya girgiza kai. Ƙullin yana tsare ka ne kawai in wanda ya matse wayar ya matse ta daidai. In ya ɗora bakin a juye, ko wani kamfani ya dasa katangarsa tana kallon wani gefe, to ƙullin da aka yi don ya cece ka shi zai tilasta maka kuskure, kuma za ka soka da kwanciyar hankali. Shi ya sa tsofaffin hannu ba sa yarda da ƙulli, sai sun bi jan layi da ido daga wannan baki zuwa wancan. Masu ƙera modul da yawa yanzu suna sa ƙananan dayod guda biyu a bakin shigar wuta, waɗanda ke barin ta wuce ta hanya ɗaya kawai, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. In ka juya, modul ɗin zai yi shiru ne kawai, ba zai mutu ba. Amma ba kowa ke sa su ba, kuma tsofaffin kaya suna nan suna yawo a hannun 'yan gwanjo.

Eurorack ba ita kaɗai ba ce a fagen, ko da yake ta fi kowa jama'a. A wani zaure na ga manyan akwatuna irin na zuriyar Moog, farantansu dogaye, ramukansu na babban jak mai milimita 6.35 irin na jita. Yawancin sababbin wannan dangi bolt 15 suke ci ta kowane gefe, kuma bakin wutarsu daban ne: tsarin Synthesizers.com yana amfani da mai tsinke shida, tsarin MOTM mai huɗu, masu kauri, da wayoyi ɗai-ɗai. Mutanen Buchla da na Serge kuma suna da nasu hanyoyin, har da wayar haɗi mai baki irin na kayan awon lantarki, wadda ake iya soka wata a bayan wata. Kowane dangi yana ganin nasa ne daidai. Wani dattijo mai farin gemu a gaban irin wannan babban akwati ya nuna mini bakin wutarsa, ya juya shi ya gwada sokawa, ya ƙi shiga, ya dube ni yana murmushi bai ce komai ba. Na gane da wa yake.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi ba ni mamaki, ni da na fito daga garin da ake fara tambayar farashi kafin sallama ta ƙare. Wanda zai shiga wannan harka, abin da zai fara saye ba ya fitar da sauti ko kaɗan. Akwati ne da wuta. Akwatin kirki mai layi biyu da na'urar wutarsa da allunan rabo yana cin ɗaruruwan yuro, kuɗin da a wurinmu zai sayi fiyano sukutum da mazauninta. Ka kai shi gida, ka jona, ƙananan fitilu su kama a ciki, shi ke nan. Ka sayi shiru mai tsada.

Kuma wutar a ƙididdige take. Kowane modul yana da adadin abin da yake sha daga kowane layi, ana rubuta shi da miliyamfa, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfa. Ƙaramin modul na gargajiya yana iya shan 20 ko 30, mai ƙwaƙwalwar kwamfuta da allon nuni ya haura 100, wani ma 200. Na'urar wutar Doepfer ta da, PSU2, tana ba da 1200 a kowane gefe. Wadda ta gaje ta, PSU3, tana ba da 2000 a fozitif, 1200 a nagetif, da 4000 a layin bolt 5. Akwai wani shafin intanet mai suna ModularGrid inda mutane ke jera hotunan modul a akwatin mafarki kafin su saya, shafin yana tara musu jimillar wutar da ta kuɗin a ƙasa. Shawarar da ake ba kowa ita ce kada ya cika ma'aunin, ya tsaya wajen kashi 70 ko 80 cikin ɗari, domin a daƙiƙar da aka kunna akwati kayan kan fizgi wuta fiye da abin da suke sha in sun natsu. Wannan sashe ne kaɗai na ji ni ma malami ne. Duk wanda ya taɓa zama da ƙaramin janareta ya san a kashe firji kafin a tayar, ya san dutsen guga da fanka ba sa haɗuwa a lokaci ɗaya. Na gaya wa wani Baturen Holan haka, ya ce ai daidai ne, ilimin ɗaya ne. Na ji daɗi fiye da yadda ya kamata.

Yawan wuta ma bai isa ba, sai an duba tsabtarta. Nan ne na ga mutane suna gardama da jijiyar wuya. Akwai na'urar wuta mai taransifoma, nauyi gare ta da zafi, amma wutarta a natse take. Akwai ta zamani irin ta cajar kwamfutar cinya, marar nauyi, mai arha, wadda in ba a tace ta da kyau ba takan shigo da wani siririn tsaki cikin sauti. Akwai allon rabo mai kaurin tagulla da ake ɗaurewa a ƙasan akwati, akwai kuma hanyar talaka: doguwar waya mai faɗi guda ɗaya da aka jera wa bakuna da yawa, tana reto a ciki, kowane modul ya kama nasa. Ta fi arha nesa ba kusa ba, amma siraran wayoyinta ne ke ɗaukar wutar kowa, kuma ta wayar ƙasa ɗaya duk suke komawa. Modul mai ƙwaƙwalwa yana iya zubar da hayaniyarsa a wannan hanya, maƙwabcinsa ya kwasa ya kai lasifika.

Na ce wannan ai tsirfa ce, kunnen wa zai ji? Sai aka yi mini lissafi. A wannan tsari, ƙarfin wuta ne ke faɗa wa modul muryar da zai yi. Ƙarin bolt ɗaya yana ɗaga sauti zango guda cikakke, kuma a kiɗan Turawa zangon yana da matakai 12. Kenan mataki ɗaya bai wuce milibolt 83 ba. Ɗan motsi kaɗan a wuta, wanda kwan lantarki ba zai ko ƙifta saboda shi ba, ya isa ya sa muryar wasu kayan ta karkace. Na tuna yadda fitilar ɗakina kan yi ja ta dushe in maƙwabci ya tayar da injin walda, na yi shiru.

Wayoyin gaba kuma, masu launi-launi da ke sa akwatin ya yi kyau a hoto, nasu cin kuɗin a hankali yake, ba ka ji sai ka waiga. Bakinsu ƙaramin jak ne mai milimita 3.5, kamar na abin sauraron waya amma mai zobe ɗaya. Ta talaka yuro ɗaya ko biyu ce. Akwai masu rigar zare, akwai masu lanƙwasasshen kai don kada su tsaya wa yatsa a hanya, akwai masu fitila a ciki da ke nuna wutar da ke wucewa, akwai ta kamfanin Tiptop Audio mai suna Stackcable wadda ake soka wata a ƙeyarta don a raba saƙo gida biyu, ita kuma kuɗinta ya ninka na talakar sau da yawa. Kiɗa ɗaya mai ɗan zurfi yana iya cin waya 30 ko 40, kuma dole a samu gajeru da matsakaita da dogaye, domin doguwa a gajeren zango tana rufe maɓallai, gajeriya kuma ba ta kaiwa. In mutum ya tara 60 a kan yuro biyu-biyu, ya kashe 120, kuɗin modul guda ke nan. Sannan ya sayi abin rataye su a bango. Wasu suna ware launi, ja don sauti, shuɗi don lokaci. Mai masaukina ya ce shi ya gwada haka mako guda ya bari, yanzu duk wadda hannunsa ya kama ita ce.

Har sukuru yana da siyasarsa. Doepfer ya yi amfani da mai awon M3, wasu akwatuna kuma M2.5 suke karɓa, don haka sukurun da ya zo da modul ɗinka yana iya ƙin akwatinka. Ana sa washar roba a ƙarƙashin kansa don kada ya ƙarce fenti, saboda ƙarcewar tana rage daraja ranar sayarwa, kuma a wannan duniya kowa mai saye ne kuma dillali. Kamfanin Befaco na Basalona yana sayar da sukurun da ake murɗawa da yatsa, ba sai da sukudireba ba, mutane kuma suna saye da murna, abin da ya nuna mini sau nawa suke kwancewa suna ɗaurawa.

Inda na fi sakewa shi ne zauren masu haɗa nasu da hannu. Dogayen tebura, ƙaurin dalma, mutane sun duƙufa a kan ƙananan alluna, maza da mata, har da yara. Nan aka nuna mini yadda ake karya farashin wayar wuta: ka sayi naɗin wayar mai faɗi da mita, ka sayi bakunan da yawa a kan 'yan sulalla, ka yanka daidai tsawon da kake so, ka matse a cikin matsin maƙera. Abin da shago zai sayar maka yuro uku ka yi shi a ƙasa da ɗaya. Da yawa daga cikin zanen modul ɗin ma a buɗe suke ga kowa. Émilie Gillet ta kamfanin Mutable Instruments a Faransa ta saki zanen kayanta da manhajarsu kyauta, kuma ko da ta rufe kamfanin a 2022, wasu suna ta ƙera su. Na dubi hannayen da ke teburin, na tabbata yaran da ke gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, waɗanda ke ɗaga sashin da bai kai ƙwayar gero ba su mayar da shi, za su yi wannan aiki suna hira. Modul ɗin da aka juya wa wuta, wanda a nan mai shi kan yi makoki ya sa a akwatin aika saƙo ya mayar wa kamfani, a can kafin la'asar an gano abin da ya ƙone an canza. Bambancin da na lura da shi ɗaya ne. Malamin teburin ba ya barin kowa ya jona wayar da ya matse sai ya ɗauko mita ya auna ramukan ɗaya bayan ɗaya, ya tabbata babu biyun da suka haɗu. Mu awonmu shi ne a jona a gani.

Badamagaren ya tuna mini cewa ƙasarsu ba baƙuwa ba ce a kiɗan lantarki, kuma ya faɗe shi da ƙarfi don na kusa su ji. Mamman Sani ya naɗi kiɗansa a Yamai a 1978 da ogan ɗin lantarki ƙirar Italiya, kiɗan da gidan rediyo da talabijin na Nijar suka daɗe suna sawa tsakanin shirye-shirye, kuma da kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013 sai ga Turawa suna nemansa. Na ce na yarda, amma Mamman Sani waya ɗaya ya jona a bango. Ya ce shi ya sa ya samu lokacin yin kiɗa.

A gidansa da dare ya buɗe mini nasa akwatin, tsoho ne mai taransifoma a ciki. A layin ƙasa akwai farantai uku da ba su da rami ko maɓalli, ƙarfe ne kawai a shafe. Na tambaye shi aikinsu. Ya ce ba su da aiki, gurbin da bai samu kuɗin cikewa ba suke rufewa, kuma su ma saye ya yi. Na fara dariya, ya ɗaga ɗaya ya haska mini ciki. In bakin wayar haɗi ya zame ya faɗa ta wannan gurbi ya taɓa tsinkayen allon rabo, an yi asara. Can kuma a lungu, bayan wani murfi, ga inda wutar bango ke shigowa, bolt 230 cikakkiya, tazarar yatsa kaɗan daga inda hannu ke kai da kawowa.

"Wannan kuran ɗin irin naku ne," in ji shi. "Shi ka iya, ko? Zo ka sa hannu."

Na ce masa ai ya riga ya ce in bar hannuna a aljihu. Ya mayar da farantin, ya ɗaure sukuru biyu, ya miƙo mini tarin wayoyi ya ce in ware masa gajerun, akwai taron da zai yi wa kiɗa ranar Asabar kuma har yanzu bai san me zai jona da me ba.